Abin da Dije Ta Ji Ta Bayan Zana

Azumi yakan zagaya shekara a hankali, kamar makiyayi da garkensa, har wata rana ka ɗaga kai ka gan shi tsaye daidai inda ya taɓa samunka kana da ƙuruciya. Bana ya same mu a tsakiyar bazara, lokacin cirar albasa. Rabona da irin wannan azumi shekara talatin da 'yan kai, kuma da Allah bai ja kwanana zuwa bana ba, da na tafi da rabin labarin nan kawai.

Ana gobe za a ɗauki azumi na bar Boɗinga na tafi Shagari, gidan yayana Malam Bello, Allah ya jiƙansa. Bara ya rasu bayan babbar Salla. Wannan ne azumin farko da matarsa Dije za ta yi ba shi a gidan, na ce ba zan bar ta ta sha ruwa ita kaɗai ba. Ina sauka daga mota warin lawashi ya tare ni tun daga bakin titi. Na shiga gida na tarar da autarsu Nafisa, wadda ke karatun Turanci a jami'a a Sakkwato, ta zo hutu, tana kishingiɗe a rumfa da wani littafi a kan ƙirjinta. Ban gane littafin ba. Ni karatuna na allo ne da Ajami, duk littafin boko fuskarsa ɗaya a wurina. Amma zafin nan da warin nan sun riga sun mayar da ni waccan shekarar tun kafin in ajiye kayana.

Waccan shekarar damina ta ɗauke da wuri. Gero ya fitar da kai, ruwa ya tsaya, zangarniya ta bushe ba ƙwayar kirki. Kafin sanyi ya wuce mata sun fara shiga rumbu da ƙafa suna kwaso na ƙasa. Duk wanda ke da ɗan fili a fadama sai ya koma kan albasa, ita ce kaɗai abin da ya rage tsakanin gida da yunwa. A lokacin ba inji, jigo ake ja, guga bayan guga, har kafaɗar mutum ta mutu. Yaya malamin firamare ne. Da safe yana aji, da yamma yana bakin jigo.

Sai zafi ya sauko. Ban san yadda zan kwatanta wa yaran yanzu shi ba, su da ke sayen ƙanƙara a leda. Iska kamar daga bakin maƙera take fitowa. Ruwan randa yakan yi ɗumi kamar an ɗora shi a wuta. Kaji su laɓe a gindin katanga baki buɗe, fiffike a saɓule. In ka taka ƙasa ba takalmi da azahar, sai ka yi rawar da ba ka shirya ba. Tare da zafin nan sanƙarau ya shigo gari, ya bi yara. A cikin waɗanda ya ɗauka har da Umaru, ɗan farin Yaya da Dije, yaro mai surutu wanda bai daɗe da iya gudu ba. Ya kwanta da ciwon wuya ranar wata Talata, kafin Juma'a an kai shi makwancinsa. Watan azumi ya tsaya makokin bai gama watsewa ba. Maigidana ya ce in zauna a Shagari har Salla, in kama wa Dije aiki.

Dije Bafulatana ce ta wajen Kajiji, kuma kunyar ɗan fari a wurinsu ba wasa ba ce. Tun yaron yana raye ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta ɗaukarsa gaban mutane, in ya faɗi sai dai wani ya ɗaga shi. Da ya rasu ma haka. Mata suka cika gida suna kuka, ita tana bakin murhu tana dama musu kunu, idonta a bushe. Abu ɗaya na gani. Ranar azumin farko, da magariba ta gabato, ta zuba kunu a ɗan ƙoƙon yaron ta ajiye a bakin ƙofa ya huce. Ta juya, ta tsaya, sannan ta dawo ta mayar da kunun cikin ƙwarya. Ta yi haka ba sau ɗaya ba. Ban taɓa nuna na gani ba.

Shi ma Yaya bai yi kuka ba, ɗan fari ne a wurinsa shi ma. Sai dai in ya dawo daga fadama yakan jingine kekensa a zaure ya zauna a kan dakali, ya daɗe bai shiga cikin gida ba. Wani lokaci sai an kira salla zai motsa.

Kwanakin suka ɗauki tsari. Bayan asuba maza su tafi cirar albasa kafin rana ta yi ƙarfi, jakuna su yi ta kawowa. A farfajiyar gidan, tsakanin zaure da zanan da ya kare cikin gida, akwai rumfar kara. Nan ake zube albasar. Aikina in yanke lawashi, in ware mai rauni daga mai lafiya, domin guda ɗaya ruɓaɓɓiya takan cinye rudu guda, wato gadon karan da ake jera ta a kai ta sha iska. Lawashin kuma in tura shi ta ƙarƙashin zana, Dije ta kirɓa a turmi, ta cura gabu, ta shanya a rana saboda miyar gaba. Ruwan albasa yana cin hannu, yana cin ido, ga ƙishirwa ta sa harshe ya zama kamar tsumma. Abin buɗa baki kunu ne tsararo da kwaɗon rama. Ranar da aka sami nono kuwa, ranar Salla ce ƙarama.

A cikin wannan hali Yaya yana da jarrabawa bayan Salla a Sakkwato, ta ƙarin matsayi a aikin koyarwa. Cikin littattafan da aka ɗora musu akwai wani labari na mutanen Amurka, wanda aka ce tsoho ne kuma sananne a can. Labarin miji da mata ne. Suna da gida mai kyau, suna da mota, abinci bai taɓa yanke musu ba, amma zamansu ya ƙi daɗi.

Mu kuwa 'ya'yan malamin zaure ne. Mahaifinmu a Boɗinga bai yarda da karatun zuci ba. Yakan karanta jimla da Larabci, ya tsaya, ya fassara ta da Hausa da murya sosai, ɗalibi ya ce na'am, sannan a wuce. Da haka muka tashi, kuma Yaya bai san wata hanyar riƙe karatu ba sai wannan. Saboda haka tsakanin azahar da la'asar, lokacin da ba mai iya fita, yakan jiƙa rawaninsa ya yafa a ka, ya zauna a rumfa kusa da ni, ya buɗe littafin.

"Kulu, ki zama ɗalibata. Ba abin da za ki yi sai na'am."

"Ladan mi za a ba ni?"

"Albasa ruɓaɓɓa, duk wadda kinka ware taki ce."

Sai ya karanta da Turanci, ya tsaya, ya juya da Hausa. In mijin ne ke magana, Yaya yakan faɗe ta kamar daga bakinsa, yadda Baba ke yi: na gaji, na yi nadama, ke ce kika jawo. Ni kuma in ce na'am, wuƙata tana aiki. Wani wurin nakan kasa haƙuri.

"Yaya, mutanen ga mi ya same su? Ga hatsi, ga ruwa cikin ɗaki."

"Shi ne tambayar jarrabawar."

"To ka rubuta masu ƙoshi ne."

Ya yi dariya, dariyar farko da na ji daga gare shi tun rasuwar yaron. Wannan ya sa na ƙara son zaman. Na ga littafin yana ɗauke masa hankali daga ƙaramin kabarin da ke bayan gari.

Ta bayan zana kuwa taɓarya tana sauka, tim, tim. Na lura wani lokaci takan tsaya in Yaya ya juya da Hausa, ta ci gaba in ya koma Turanci. Na ɗauka azumi ne ke sa mai kirɓi ta huta.

Akwai wurin da mijin littafin ke dawowa daga aiki, ya tsaya a ƙofar gidansa, ya kashe mota, ya zauna a ciki shiru, domin ba ya son shiga ya tarar da fuskar matarsa. Ranar da aka karanta wannan, taɓaryar ta tsaya ba ta sake tashi ba har la'asar.

Da yamma muna tace kunu Dije ta yi magana, idonta a kan rariya.

"Kulu, in mutum shina da magana da ni, ai ɗakina ba shi da ƙyaure biyu."

"Wace magana?"

"Wadda ake hwaɗa maki kullum, ni kuma in ji."

Sai a lokacin na gane. Kowa ya san gugar zana. Mai ƙorafi da ba ya son ya dubi idonka yakan sami na uku ya ba shi labarin wani mutum a wani gari, da murya daidai yadda za ta tsallake zana ta same ka. Da haka iyayenmu ke faɗa, da haka suke gargaɗi, wani lokaci da haka ake sanar da mace zamanta ya ƙare.

Na ce, "Haba Dije. Littahi ne na Nasara, na jarrabawa. Mutanen ko sallama ba su sani ba."

"Ke kin iya karatun Nasara?"

"A'a."

"To. Takarda ba ta da baki, Kulu. Abin da mai riƙe da ita ya so, shi take cewa."

Na rantse mata, ta ce ta ji. Na sami Yaya na gaya masa. Ya ce zai yi mata bayani. Amma mutanen nan biyu tun da aka binne yaron ba su haɗa ido ba, kowanne yana tsoron abin da zai gani. Ya tsaya a bakin ƙofarta ya ce, "Abin nan karatu ne." Ta ce, "Allah shi ba da sa'a." Iyakar bayanin ke nan. Ya rage murya kwana biyu, amma jarrabawa tana matsowa, kuma mai karatun zaure ba ya jin muryarsa in ta hau.

Muka shiga goman ƙarshe. Zafi ya kai inda tsofaffi ke zuba ruwa a tabarma su kwanta a kai. Ranar nan aka iso wurin da miji da matar suka yi faɗa mai tsanani, mijin ya ce mata gidan ya zama masa kurkuku, kuma duk abin da ya rasa a duniya ta dalilinta ya rasa shi. Yaya ya faɗe ta da Hausa tsaf. Na buɗe baki in ce na'am, na'am ɗin ta maƙale. Duk abin da ya rasa. A gidan da aka fitar da gawar yaro wata guda bai cika ba.

Ba mu ji komai daga ciki ba. Washegari da hantsi na leƙa, turmi yana nan da lawashi rabin kirɓi, ƙudaje sun rufe shi. Ba Dije. Ɗan ƙoƙon yaron ma ba ya inda yake rataye. Wata mai tallar nono ta ce ta gamu da ita a hanyar Kajiji, a ƙasa, ba ko lema, kuma da azumi a bakinta.

Yaya ya ɗauko Baffanmu, ƙanen mahaifinmu, domin biko ba a zuwa ba babba. Ni ma aka tafi da ni, tunda ni ce shaida. Muka sami motar kasuwa ta rage mana hanya, sauran muka taka. Gabas ta yi baƙi ƙirin tun muna tafe, irin hadarin bazara mai yaudara, ga albasa a zube a farfajiya ba rufi. Yaya ya dubi sama sau ɗaya, bai sake ba.

Muka tarar da Dije kwance a bukkar mahaifiyarta, tafin ƙafarta duk ya yi bororo. Mahaifinta, dattijo mai 'yan shanu da gona, ya karɓe mu a inuwar wata bishiya. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida da zafi da haƙurin rashi. Sannan Baffa ya gabatar da magana, Yaya ya fito da littafin daga aljihu ya miƙa da hannu biyu.

Dattijon ya juya shi gaba da baya, ya buɗe, ya shinshina.

"Malam, duk maganar ga tana cikin nan?"

"Tana ciki, Baba."

"Har da zaman zaure?"

"Mota ce a ciki, Baba, ba zaure ba."

"Uhm. Shi mai motar, ɗiyansa sun mutu?"

"A'a."

"To mi ya rasa?"

Yaya ya gyara zama. Ya ce wallahi, da azumi a bakinsa, bai nufi kowa da karatun nan ba. Dattijon ya ce wanda ya rantse da Allah a watan nan an gama da shi. Ya sa aka kira Dije. Ta zo tana ɗingishi, ta durƙusa nesa, ta ja mayafi ta rufe fuska. Mahaifinta ya ce mijinta ya zo, ya yi rantsuwa, mi ta ce?

Ta ce, "Na yahe mashi."

Yaya ya ɗago. "Ai ba abin yahewa, tunda ban..."

Baffa ya ɗora ƙafarsa a kan tasa ya danne. "An ba ka, karɓi. Mun gode, Allah shi saka da alheri."

Ruwan ya sauko muna can, ɗan kaɗan, wanda bai isa shuka ba amma ya isa ɓarna. Da muka dawo, kashi mai yawa na albasar ya jiƙe, cikin kwanaki ya fara wari. Muka ci Sallar nan da abin da ya tsira. Yaya ya ƙarasa littafinsa da baki rufe, a makaranta, ya je ya yi jarrabawar bai ci wannan darasi ba. Ya ce karatun da kunne bai ji ba ba ya zama. Bai sake nema ba, littafin ma ban sake ganinsa a gidan ba.

Suka zauna. Allah ya ba su 'ya'ya biyar bayan Umaru, duk suka rayu. Ban taɓa jin an ɗaga murya a gidan nan ba. Ta yi masa hidima har ranar da aka fitar da shi, ita ta riƙe kansa a jinyar ƙarshe. Ni dai a wurina magana ta mutu tun a Kajiji.

Bana zanan nan ya zama katangar bulo, ana ban ruwa da inji, akwai fanka mai aiki da hasken rana, ko da yake iskar zafi take juyawa. Rumfar tana nan inda take. Wata rana bayan azahar muna zaune mu uku a ciki, ni da Dije muna yankan lawashi, Nafisa tana fama da littafinta tana tsaki.

Na ce, "Ke da littahi kamar kuna gaba."

"Gwaggo, mutanen ciki ne sun ishe ni. An ce in rubuta dalilin lalacewar aurensu, ni kuwa ban ga abin da sunka rasa ba. Mutum ya dawo gida, ya kashe mota, ya zauna ciki kamar wanda anka kora. Wai kar ya ga matarsa."

Wuƙar Dije ta tsaya.

"Wa ya ba ki labarin ga?"

"Wane labari, Inna?"

"Na mai motar. Babanku?"

"Baba kuma? A nan yake, cikin littahi. Duk ajinmu shi muke yi."

"Nuna mani."

Nafisa ta yi dariya. "Inna, yaushe kinka fara Turanci?"

"Nuna mani wurin."

Yarinyar ta ga fuskar uwarta, dariyar ta ɗauke. Ta buɗe, ta nemo, ta ɗora yatsa. Dije ta goge hannunta a zane ta ɗora nata yatsan kusa da na 'yar, a kan baƙaƙen da ba ta san ko ɗaya ba.

"Akwai inda ya ce mata gidan kurkuku ne?"

"Akwai, can gaba. Inna, ya anka yi kinka sani?"

"Ya ce duk abin da ya rasa ita ce sanadi?"

"Kusan haka."

Dije ta janye hannunta. Ta daɗe tana duban katangar bulon, daidai inda zana yake a da.

"Ashe akwai ta," in ji ta. "Ashe da matar."

Na ce, "Dije, ai na hwaɗa maki. Ya rantse gaban mahaihinki."

"Na ɗauka don ya maido ni ya yi. Na ce mutumin da zai ɗauki rantsuwar ƙarya da azumi saboda ni, ai ya biya. Ita ma na roƙa mashi gahwara a kanta." Ta juyo ta dube ni, idon nan a bushe kamar na waccan shekarar. "Kulu, ba asubar da ban ce, ya Allah, na yahe mashi maganar ga ba. Ranar da za shi cika ma sai da na matsa kusa da kunnensa na ce na yahe. Ya buɗe ido ya dube ni. Ban san mi yake son cewa ba."

Fanka tana juyawa. Nafisa ta rufe littafin a hankali, ta ce za ta kai shi ɗaki.

"A'a. Zauna nan." Dije ta nuna gefen rumfa, wurin da Yaya ke zama. "Ki faro daga farko. Ki yi da Turancin, ki tsaya, ki juya mani da Hausa. Da ƙarhi."

"Inna, da tsawo fa."

"Azumin ma da saura."

Lawashi ya taru, ba mai kirɓi. Na kwashe shi na zagaya cikin gida, na zuba a turmi, na ɗauki taɓarya. Daga nan ba a ganin rumfa, ba a ganin littafi, ba a ganin mai karatu. Sai murya kawai ke tsallako katanga, muryar gidanmu, mai jan ƙarshen jimla irin na Baba da na Yaya. Ta yi Turancinta ya wuce ni kamar iska. Sannan ta tsaya, ta ce da Hausa, a sarari, na gaji.

Ban san lokacin da taɓaryar ta tsaya a hannuna ba.

Can ta bayan katanga na ji Dije ta ce, "Na'am."